Kwanson Harsashin Da Ya Zo Cikin Safar Hannu

Jiya ɗaya daga cikinku ta ɗauki gidan kwallin da ke kan tagata, ta jujjuya shi, ta ce, "Sitti, wannan ai kwanson harsashi ne kawai aka zuba wa kwalli." Kalmar "kawai" ɗin nan ita ta sa na nemi takarda da alƙalami. Da yardar Allah zan rubuta muku yadda ake yinsa, domin shekara ashirin da wani abu da shi na ci, da shi na sha, kuma saboda shi muka kusa barin garin nan.

A Wad Madani aka haife ni. Iyayena sun taso daga Kano da niyyar hajji, hanya ta tsayar da su a Sudan suna tsinkar auduga. A can na yi makarantar 'yan mata, na iya karatun Larabci, na kuma iya haruffan Nasara da lambobinsu. Dab da yaƙin duniya aka kawo ni gidan kakanku a unguwar Misfala, nan Makka. Shi samkari ne, wato mai liƙin gwangwani, yana gyara garwar masu ɗebo ruwa da fitilu. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ita ke niƙa kwalli. Alhazai ba sa komawa gida ba kwallin Makka, kwalli kuma ba ya tafiya ba gida. Can ƙasar Hausa tandun fata ake yi masa. Nan fata tsada, tagulla kuwa tana zube a hamada, ragowar yaƙe-yaƙen da aka yi kafin a haife ni. Larabawan ƙauye ke tsinto kwanson, su kawo a burgamin akuya.

Aikin farko da Inna ta ba ni shi ne duba ido. Kowane kwanso yana da ɗan ƙaramin ido a gindinsa. In ka ga idon ya lotsa, an riga an harba shi, ya mutu. In ka gan shi sumul, to da ransa, ko da babu harsashi a bakinsa, in ya ji wuta tashi zai yi. Inna ta zazzage buhu a gabana ta ce, "Ke 'yar boko, tunda an ce kina da karatu, karanta mini idanun nan." Wata uku ba ta bar ni na taɓa komai ba sai wannan. Rannan na gaji, na wuce guda ɗaya ban duba ba. Ta tsame shi daga cikin matattun, ta kai bayan gida ta jefa a garwashi, ta ja ni baya. Ƙarar da ya yi har kajin maƙwabta sai da suka watse. Ta ce, "Da fuskar mijinki ce a kan wutar nan." Ban sake wuce ko ɗaya ba har na daina aikin.

Bayan ido sai wanki. Abin da zai shiga idon mutum ba a yi masa gaggawa. A dafa kwanson da tsamiya, a zubar, a sake dafawa da toka, a sa tsinke mai auduga a goge cikin har audugar ta fito fari. Sau bakwai Inna take sa ni, na ƙarshe da ruwan Zamzam in an samu. Sannan Malam, kakanku ke nan, ya kama shi da awartaki ya gasa wuyan kaɗan don ya yi laushi, ya ɗiga kuza a ciki ya toshe gindin. Daga nan ya dawo hannuna. Ina da katako mai ramuka, kowane irin kwanso da raminsa. In zura sandar ƙarfe a ciki don kada ya lotsa, in ɗauki ɗan kurfi in zana dabino ko jinjirin wata. Murfi kuwa da gajeren kwanson ƙaramar bindiga muke yi, irin ta hannu, yana hawa wuyan dogon daidai kamar don shi aka yi. A jikin murfin ake liƙa tsinken da ake sa kwallin da shi.

Kwallin kansa wani aiki ne. Dutse ne, sai an ƙona, an jiƙa a ruwan wardi, an niƙa, an tankaɗe da ƙyallen alharini. Inna kan ɗebi kaɗan ta sa a harshe. In ta ji tsakuwa ko ƙanƙanuwa, sai ta turo mini dutsen niƙan da ƙafa.

Irin kwanson da muke samu ba su da yawa, kowa ya san su. Na Turkawa dogo ne siriri. Na Ingilishi yana da leɓe a gindi, shi ya fi zama a kan taga bai faɗi ba, Hausawa sun fi sonsa. Akwai na Jamus, akwai na Italiya da ke biyo mutanen Habasha. Ni ke ware su, domin ni ke iya karanta tambarin gindin. Umdan unguwarmu, wato mai unguwa, ya san duk irin nan, ya san tsofaffi ne, ya san abin da muke yi da su. Gari ne da ba a wasa da maganar makami, don haka abin da umda bai sani ba ba a ajiye shi a gida.

Masu saye kuwa iri-iri. Mutanen Jawa ƙanana suke so, su sayi ashirin-ashirin. Hajiyoyin Masar sai sun buɗe sun shafa a bayan hannu, sun kushe, sannan su saya. Namu na gida su ne masu cewa a zana musu Ka'aba a jiki, Inna ta ce a'a, abin da za a jefa a ƙasan jaka tare da takalmi ba a zana masa Ɗakin Allah.

Shekarun yaƙi alhazai suka ɗauke. Jiragen ruwa ba sa zuwa, muka tara kaya ba mai saye, Malam ya koma liƙin garwa kaɗai, muna cin burodi da shayi. Amma in kuka tambaye ni mummunar shekara, ba waɗannan zan ce ba. Tamu ta zo ne bayan yaƙi da 'yan shekaru, lokacin da kasuwa ta buɗe.

A lokacin kwanson hamada ya fara ƙarewa, sai Malam ya riƙa sayo tarkacen tagulla da ake saukewa daga jirage a Jidda, a buhu, kan awo. Ina zazzage wani buhu sai ga safar hannu ta faɗo, ta ulu, mai kauri, babban yatsa ne kaɗai ke da gidansa. Fara ce da saƙar ja da shuɗi a wuya, an ɗaure bakinta da zare. Na kwance. Kwanso ne a ciki, guda arba'in da ɗaya, irin da ban taɓa gani ba. Gajeru, ba su kai ɗan yatsana ba, ga ɗan wuya siriri, ga ƙyalli kamar jiya aka yi su. Na duba idanu, duk matattu. Na karanta gindin, haruffa ne da lambobi da ba su gaya mini komai ba.

Inna, lokacin ta tsufa ƙwarai, ta shafa ɗaya ta ce, "Wannan na amare ne. Zai ɓuya a tafin hannu."

Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. Abin da ya kamata, in aika wa umda guda ɗaya ya gani kafin in taɓa. Kyawunsu ya ɗauke ni. Na yi goma sha biyu, ban zana komai a jiki ba don kada in ɓata ƙyallin, ban kuma goge tambarin gindin da magagari ba. Malam ya kai kasuwa, kafin la'asar sun ƙare. Ɗaya daga cikin masu sayen matar wani askari ce, wato ɗan sanda. Mijinta ya ga abin a hannunta, ya juya gindin, ya ga sabon kwanso wanda babu irinsa a hannun hukuma.

Ranar ɗaya ga watan hajji umda ya aiko aka kira Malam, aka karɓe ragowar. Da ya dawo bai zauna ba, a tsaye ya gaya mana. Umda ya ce shi ya san mu, amma akwai na sama da shi. Sabon kwanso yana nufin sabuwar bindiga, sabuwar bindiga kuwa wani ne ya shigo da ita. Ya ba mu zuwa ranar da za a fita Mina, kwana bakwai ke nan, mu kawo wanda zai faɗi asalin abin nan da bakin da za a yarda. In ba haka ba dole ya miƙa maganar. Mu kuwa ba mu da takardar zama a lokacin. Wanda aka miƙa da maganar makami, in ya yi sa'a, jirgin Sawakin, na komawa Sudan, za a sa shi da iyalinsa. Inna ta ce, "Ni da ƙafa na zo garin nan don a binne ni a cikinsa. Ba mai sa ni a jirgi." Malam ya tafi Jidda neman mai tarkacen, mutumin ya ce buhu ɗari yake sayarwa, bai san wanne ba ne, kuma kada a sa sunansa.

Guda ɗaya ya rage a wurina, wanda ya faɗa bayan dutsen niƙa. A kansa aka yi ta musu a zaurenmu, ni ina bayan labule ina miƙa shayi. Akwai Ammu Shaukat mai gidan gahawa, tsoho, ya yi sojan Turkawa yana saurayi. Akwai Sajan Mamman, Bakatsine, ya yi yaƙin Bama, ya zo hajji ya zauna.

Ammu Shaukat ya ɗaga shi a haske ya ce, "Na Masko ne. Wallahi na Masko ne. Irinsa aka harbe ni da shi a cinya."

Saja ya ce, "Haba Ammu, da wannan? Ai ko akuya aka harba da shi sai ta juyo ta tambayi wa ya jefe ta. Na Japan ne. Su mutane ne ƙanana, komai nasu ƙarami."

"Kai ka ga Japan ɗin, ko dafa wa Ingilishi shayi ka yi?"

"Na dafa shayi, na kuma dawo da cinyata lafiya."

Kwana uku suna wannan. Wani ɗan Yaman ya leƙo ya ce na Italiya ne, wani ya ce na Amurkawan da ke haƙar mai ne. Kowa ya rantse, ba wanda zai je gaban umda ya maimaita.

Ni kuwa abin da hannuna ya sani daban. Lokacin da nake aikin sha biyun nan, na rasa ramin da zan sa su a katakona, sai ramin gajeren kwanson nan da muke murfi da shi ya karɓe su cif. Gindinsu ɗaya, tsawo ne ya bambanta, kamar an kama na ƙaramar bindiga an ja shi. Kuma ina da cokalin da nake auna kwalli. Na Ingilishi cokali shida yake ci, wannan biyu. Abin da cikinsa bai wuce haka ba, albarushinsa ma bai wuce haka ba. Na ce wa Malam, "Wannan ba na soja ba ne." Ya ce, "Ladidi, na yarda. Amma in je in ce wa umda cokalin matata ya ce?"

Gaskiyarsa. Sai na tuna da safar. Kowa yana kallon kwanson, ba wanda ya kalli abin da ya zo a ciki. Mace ce ta saƙa ta, a ƙasar da sanyi ke cin yatsu, kuma kowace ƙasa da irin saƙarta, kamar yadda in na ga hula zan ce ta Barno ce ko ta Kano. Ga shi watan hajji ne, matan duniya duka suna cikin garin.

Na nemi izinin Malam, na sa safar a cikin mayafi. Bayan kowace salla ina bin sahun mata a Harami, in na ga farare masu jan kunci sai in yi sallama in nuna. Matan Turkiyya suka juya ta suka ce ba tasu ba ce. Wata daga Sham ta ɗauka sayarwa nake, ta yi mini tayi. Wata tsohuwa ta ɗauka bara nake, ta ba ni dabino, na karɓa na yi mata addu'a. Kwana biyu haka, ƙafafuna suka kumbura.

Ranar shida ga wata na tsaya sayen burodi wurin wata 'yar Bukhara da ke bakin unguwarmu, na gaya mata abin da nake nema. Ta ce, "Tsaya. Akwai wasu baƙi a gidan muɗawwifinmu, mai jagorar alhazanmu, yarensu ya yi kusa da namu, Tatar ake ce musu. Su ne suka tambayi malami yadda za su yi azumi a garin da rana ba ta faɗuwa, aka ɗauka wasa suke." Ta rufe tanderunta ta raka ni.

Su shida ne kacal. A cikinsu akwai wata dattijuwa, zafi ya kwantar da ita, an jiƙa zane an rufa mata. Na ciro safar. Matar nan ta tashi zaune, ta karɓa, ta zura hannunta a ciki a wannan zafin, ta kai hanci tana shinshina. Ta yi magana, 'yar Bukhara ta fassara: irin wannan saƙar maƙwabtanta suke yi, a ƙasar da ake kira Finlanda. Can suke zaune, Musulmi 'yan kaɗan, suna sayar da yadi da fatu. Na miƙa mata kwanson. Ta ce ita ba ta san wannan ba, amma ta ƙwala wa mijinta kira. Ya zo bakin ƙofa, aka miƙa masa. Na ji ya yi wata irin dariya, ya kira ƙaninsa.

Washegari da hantsi, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, aka taru a inda umda ke zama a bakin titi. Ni da dattijuwar muna tsaye a lungu, muna ji. Baƙin ba su da Larabci sai na salla, amma suna jin Turkanci, don haka dole aka sa Ammu Shaukat tafinta.

Babban, mijin dattijuwar, ya ce kwanson na ƙasarsu ne, yana da bindigarsa a gida. Ta harbin tsuntsu ce, wani baƙin tsuntsu da ya kai talotalo, yana sauka a ƙololuwar itace lokacin ƙanƙara. An yi harsashin ƙarami ne don kada ya lalata naman. Maharba ba sa yar da kwanson, tarawa suke su sake cikawa, shi ya sa aka ɗaure su a safa. Ya ce jiragen ƙasarsu na kawo katako har tekun nan, wataƙila na wani ma'aikacin jirgi ne.

Ammu Shaukat ya fassara, sannan ya ƙara da nasa: "Kuma ƙasar tasu tana maƙwabtaka da Masko. Abin da na faɗa ke nan."

Saja ya ce, "Ashe kai ne tsuntsun, Ammu."

Umda ya danne dariya ya ce, "Ɗayyib. Wa ya ƙera shi?"

Nan fa aka samu matsala. Babban ya ce masana'anta ce ta fito da shi lokacin yaƙi, da injin da ake yin kwanson ƙaramar bindiga, aka ja shi ya ƙara tsawo, domin ba halin sayen sabon inji. Ƙanin ya ce sam, wani maƙerin ƙauye ne maharbi ya fara yi da hannu tun kafin yaƙi, shi ya san wanda ya san mutumin. Babban ya ce ƙanin nasa bai taɓa harbin ko kaza ba. Ƙanin ya ce wan nasa a kanti ya ji labarin. Suka manta da umda, suka manta da mu, suka juya yarensu suna nuna juna da yatsa, ga su cikin shirin harama. Ammu Shaukat ya ɗaga hannuwa ya ce shi wannan ya fi ƙarfin Turkancinsa.

Na ce a raina shi ke nan, shaidu sun saɓa. Sai na ji umda ya ce, "Ku bar su. Da a ce an haɗa baki da su, da bakinsu ya zo ɗaya. Mutum ba ya irin wannan musu sai a kan abin gidansu." Ya sa aka rubuta abin da suka yarda a kai, ƙasar da tsuntsun, suka sa hannu, muɗawwifinsu ya sa. Ya miƙo wa Malam ƙullin kwanson ya ce, "Ya samkari, ka gaya wa mai karatun gidanka, daga yau abin da ba ta sani ba ta aiko mini in gani. Kuma a goge gindin."

Malam ya ce, "Ai tana ji, ya umda."

Tun daga ranar ba kwanson da ya fita hannuna da tambari. Wanda ya fara ƙera shi kuwa har yau ban sani ba. An ce mini 'yan'uwan nan biyu har a Mina ba su daina ba. Abin da na sani, maganar ƙara tsawon da babban ya yi ta dace da ramin katakona, amma katako ba ya faɗin suna.

Kafin su tafi na cika guda biyu da kwallin da Inna ta ɗanɗana da kanta, na kai wa dattijuwar, na haɗa da safar, tunda ta ƙasarsu ce. Ta karɓi kwallin, ta mayar mini da safar. Ta ce a can kowa yana da irinta, kuma guda ɗaya ba ta da amfani sai da 'yar'uwarta. A wurinmu ta yi amfani. Malam ya riƙa kama awartaki mai zafi da ita har ya bar aiki, shi ya sa babban yatsan ya ƙone.

Inna ta rasu bayan shekara biyu, aka binne ta a garin nan kamar yadda ta roƙa, Allah Ya jiƙanta. A shekarar aka haifi babanku, a ɗakin da ake niƙa kwallin. Wanda ke kan tagar shi ne wanda ya faɗa bayan dutsen niƙa, cikin waɗanda suka rage shi kaɗai ne ban goge gindinsa ba. In kun ɗauka ku juya gindin, ku fara duba idon, sannan ku mayar mini da shi inda kuka same shi.